Asabar Ta Uku Da Hasken Lesa

Assalamu alaikum, ku da kuke biye da ni a wannan shafi. Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Zaituna Mala, a Fagge aka haife ni, kuma tun ina yarinya abin da bakina ya kasa furtawa sai in rubuta shi. Abin da zan faɗa muku ya faru ne cikin kwana huɗu, daga Talata zuwa Juma'ar da ta wuce.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙasa a ɗakina, kan ledar nan mai zanen furanni da ta fara ɓarewa daga bakin ƙofa. Kwamfuta tana kan cinyata, fanka tana juyawa da ƙyar don wutar ba ta da ƙarfi. Inna tana tsakar gida tana turara kayan Baba a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon turare. Asalinmu mutanen Borno ne, kakana ne ya zo Kano fataucin yadi ya zauna. Yaren ya tafi ya bar mu, amma turaren wuta bai bar gidanmu ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Bahauddeen ne.

"Farfesa, ga samfurin kati daga wajen masu bugawa. Duba ko sun rubuta sunanki daidai. Ni dai sun cinye min harafi ɗaya."

Bahauddeen shi ne wanda zan aura. Ku fahimce ni tun yanzu, babu wanda ya matsa min. Dilan shadda ne a Kantin Kwari, layinsu ɗaya da Baba, kuma shekara biyu yana zuwa wajena bai taɓa ce min in ajiye karatu ba. Ina sonsa. Ban taɓa faɗa masa da baki ba, amma ga shi na rubuta muku.

Na buɗe hoton ina murmushi ni kaɗai. Kati ruwan madara, an zagaye shi da zanen zinare. Sunana daidai. Sunan Baba daidai. Sai idona ya sauka a layin ƙasa, inda masu buga kati suke haɗa watan Musulunci da na Bature.

"Asabar, 27 ga Zulhajji, daidai da 13 ga Yuni."

Na karanta sau uku. Na kashe wayar na sake kunnawa, kamar hakan zai canza lambar.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya sa wannan ranar ta dame ni.

Fiziks na karanta a jami'a, kuma shekara uku ke nan aikina ɗaya ne. In aka matso iska ta wata 'yar kafa mai kamar tsinin allura zuwa cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa tas, sanyi yakan kama ta nan take, ƙwayoyinta su manne da juna curi-curi. Kowane curi ƙwaya dubu ne ko dubu goma, amma duk da haka ido ba ya ganinsa. To sai a harba wa curin hasken lesa mai tsananin ƙarfi, haske ne da ba ya daɗewa ko kaɗan. In kun raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, kuka ɗauki ɗaya kuka sake raba ta gida miliyan, har yanzu ta fi shi tsawo. A cikin wannan ɗan lokacin hasken yakan fizge elektiron daga jikin ƙwayoyin, wato 'yan mitsi-mitsin da ke kewaye da kowace ƙwaya suna daidaita cajinta. Da farko ba sa zuwa ko'ina. An raba su da ƙwayarsu, amma curin yana riƙe da su, suna ta kai-kawo a ciki suna ɗaukar zafi. Sai hasken ya ƙara ingiza su su fice gaba ɗaya. Da sun fice, abin da ya rage duk cajinsa iri ɗaya ne, kowa yana ture kowa, curin ya tarwatse.

Na taɓa yi wa Inna bayanin nan da curin fura a hannuna. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato duk dogon karatun nan, haska fura kuke yi da tocila?"

Ni abin da na lissafa a kwamfuta shi ne, in curin na iskar metan ne, wadda ƙwayoyinta suke ɗauke da sinadarin haidirojin, aka harba hasken sau biyu a jere, aka bar wani ɗan tsakani daidai gwargwado, curin zai ɗan kumbura kafin na biyun ya iso. A wannan kumburin, in ji lissafina, zai sha hasken sosai, ƙwayoyin haidirojin marasa nauyi su riga kowa ficewa da gudu. Amma lissafi lissafi ne, sai an gwada. Irin wannan lesa ba mu da ita a nan. Malamata, Dakta Adaugo, ta rubuta wa wani ɗakin gwaji a Jamus takardar nema, kwamitinsu ya zauna, aka ba mu kwana biyar, daga Laraba goma ga Yuni zuwa Lahadi sha huɗu. Kafin mu akwai wasu, bayanmu akwai wasu, jadawalin a cike yake har ƙarshen baɗi. Ba a matsar da kowa ko da awa ɗaya. Kuma daga ɓangarenmu mutum biyu aka yarda su shiga, Dakta da ɗalibi ɗaya. Wanda ya tsaya a gaban na'urar shi zai ci gaba da aikin har digiri na uku.

Baba ya amince da tafiyar, Bahauddeen ma ya amince, biza ta fito. Tun a watan Janairu na rubuta kwanakin a 'yar takarda na ba Inna ta ba Baba, saboda a gidanmu 'ya mace ba ta buɗe baki ta yi wa mahaifinta zancen ranar aurenta. Da aka sa rana a watan Sha'aban, Inna ta leƙo ɗakina ta ce, "An sa, sai alhazai sun dawo." Na sunkuyar da kai, ban tambayi wane sati ba. Wace mara kunya ce za ta tambaya? A raina na ce sai cikin Yuli ke nan, ai takardata tana wajen Baba.

Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba.

"Ke lafiya?" Inna ta ce. "Kin fito ba ɗankwali kamar wadda aka koro."

Na miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da idonta tana ƙanƙancewa.

"Masha Allah. Ya yi kyau, sai dai zinaren ya yi yawa kamar katin 'yan siyasa."

"Inna, ranar."

"Ranar me? Ashirin da bakwai ga watan Babbar Sallah. Ai ita ce."

"Sha uku ga Yuni ce, Inna. Ranar ina Jamus."

Ta ajiye kaskon turaren a hankali. Hayaƙin yana ta tashi tsakaninmu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba kin ba ni takarda na ba shi ba?"

"Na ba ki."

"Na kuwa ba shi, hannu da hannu." Ta zauna a kan kujerar tsugunno. "Zaituna, goro ya riga ya zaga. Har Maiduguri an kai. Ankon nan an fara ɗinkawa."

Na koma ɗaki. Kafin azahar sai ga saƙon Dakta Adaugo a zaurenmu na WhatsApp: mutanen Jamus suna son a tabbatar musu da sunan ɗalibin da zai zo kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a, agogonmu, don a yi masa rajistar shiga. Ogechi ce za ta cika takardar. Ogechi ƙawata ce tun ajin farko a jami'a, tare muke aiki a ƙarƙashin Dakta, kuma sunanta ne na biyu a takardar. In ban je ba, ita za ta je.

Ranar Laraba da safe Baba ya aiko Inna ta kira ni. Yana zaune a kan darduma a falonsa da farar jallabiya, kofin shayi a gabansa bai taɓa ba, hularsa zanna tana kife a kan rediyo. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Matso, Zaituna."

Na matso. Ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar takarda da ta yi laushi don naɗi. Rubutuna ne.

"Ga ta. Ban yar ba. Ranar da aka zauna ma tana aljihuna." Ya murza ta a hannunsa. "Yaya Abdulƙahhar ne ya yanke, tunda shi ne waliyyinki. Ya ce Asabar ta uku bayan Sallah, lokacin ya dawo daga Makka ya huta. Mutanen yaron suka ce madalla. Kowa a zauren nan da watan Musulunci yake lissafi, takardarki kuma da watan Bature take. A raina na ce Sallah ina, Yuni ina. Ban haɗa su ba. Ni da nake lissafin yadi dubu da ka, ban haɗa wata biyu ba."

Wallahi da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Ban taɓa ganin Baba yana kallon ƙasa a gabana ba.

"Baba, ko za a..."

"A kira Yaya?" Ya girgiza kai. "Shekaranjiya jirginsu ya sauka Madina. In kira mutum yana wajen ibada in ce ya warware abin da ya ƙulla a gaban jama'a, don ni na manta takarda a aljihu? Tun muna yara ban taɓa mayar masa da magana ba. Kuma ki sani, in mu dangin mace muka nemi a ɗaga, kafin la'asar duk Kwari an ji, a ce an gano wani abu a wajen yarinyar. Sunanki ne zai shiga bakin mutane, ba nawa ba."

"To, Baba."

"In su suka nema, ni ba ni da ja. Ko yau."

Ya ɗauki hularsa ya sa, ya miƙe. Har ya kai ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"Ki yafe min, uwata."

Sunan mahaifiyarsa gare ni. Sai abu ya kai masa wuya yake kirana haka.

Bayan la'asar Bahauddeen ya zo. Na sa atamfata mai ruwan ganye, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau, na yafa mayafi baƙi, na kai masa zoɓo mai sanyi a zaure. Yana sanye da shadda ruwan toka, ɗinkin ya zauna, agogonsa yana ta zamewa don ya yi masa yawa.

"Farfesa, tun jiya ba ki ce komai a kan kati ba. Ko ke ma sun cinye miki harafi?"

Na faɗa masa. Ban ɗago kai ba har na gama, ina kallon yatsun ƙafarsa a cikin takalmi. Da na yi shiru sai na ji ya ajiye kofin.

"Tsaya. Sha uku ga Yuni tana cikin kwanakin naki?"

"Rana ta huɗu ce."

"Ikon Allah." Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "To ki rubuta musu mana. Ki ce aure za ki yi. Su Turawan ba su da imani ne?"

"Ba mutum ba ne zan roƙa, jadawali ne."

"To ki roƙi jadawalin."

Ya so in yi dariya. Na kasa.

"Baba ya ce in ku kuka nemi a ɗaga, ba shi da ja."

"Mu?" Ya nuna ƙirjinsa. "Zaituna, kin san garin nan. In dangin ango suka nemi a ɗaga biki, fassara biyu ce kawai. Ko ango ya fara sanyi, ko kasuwa ta juya masa baya. Gobe waɗanda suke ba ni kaya su fara yi min kallon tausayi. Ga Hajiya, ni kaɗai ne ɗanta namiji, tun Sha'aban take kiran 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu rana. In je in ce mata me?"

Ya ture kofin gefe ya ci gaba.

"Curin naki ba zai jira ba?"

"Curin zai jira. Ni ce ba za a jira ba."

Ya daɗe yana kallona. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na ce ki je, kuma ban janye ba. Amma ban ce ki je ranar aurena ba."

Ku faɗa min, me zan ce masa? Ƙarya ya yi? Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Babu wanda ya ce kar in je. Da wani ya hana ni, da na san wanda zan yi wa kuka. Bayan ya tafi na koma ɗaki na buɗe kwamfuta, zanen lissafina yana nan inda na bar shi, ɗigo-ɗigon elektiron suna zagaye a cikin curi. An sake su, ba wanda ya riƙe musu hannu, amma da sun kai baki sai nauyin sauran ya jawo su ciki. Shekara uku ina kallonsu ban taɓa jin tausayinsu ba sai ranar.

Alhamis da safe na ce wa Inna zan je wajen Ogechi. Na tari adaidaita sahu a bakin titi, muka kutsa cikin cunkoson masu dakon diloli da ke fitowa daga Kwari, har muka shiga Sabon Gari. Gidansu Ogechi bene ne, ƙasan shagon babanta ne, Baba Celestine, mai sayar da wayoyin lantarki da ƙwan fitila. Yana ganina ya ɗaga hannu daga bayan kanta.

"Amarya! Yaushe za mu ci shinkafa?"

Na durƙusa na gaishe shi na haye sama da sauri kafin idona ya tona ni.

Ogechi tana zaune a kan gado da ɗaurin ƙirji, rabin kanta an yi kitso rabi a tsefe, ƙamshin miyar agushi yana shigowa daga kicin, janareton maƙwabta yana ta ruri. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu.

"Hajiya Zaituna, wa ya mutu?"

Na zauna a bakin gadon na faɗa mata komai. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun Talata. Ta bar ni na yi, ta miƙo min gefen zaninta na share fuska.

"Wato babanki ba zai nema ba, saurayinki ba zai nema ba, Baffanki Abdulƙahhar yana Madina, Jamus kuma ba ta san ana yi ba."

"Haka ne."

"Kai, ku Hausawa. Mutum goma a ɗaki, kowa yana jin kunyar kowa."

"Mu Barebari ne."

"Har gara Hausawan." Ta ɗauki matsefi tana sosa kai, can sai ta tsaya. "Dakata. Bikin 'yar ajinmu da muka je bara. Lokacin da aka ɗaura auren a masallaci, ina amarya take?"

"Tana ɗaki da mu, ana gyara mata lalle."

"Ta je masallacin?"

"Mace ba ta zuwa. Waliyyinta ne, da wakilin ango, da shaidu."

"Ta sa hannu a wata takarda? An tambaye ta wani abu a ranar?"

"An riga an tambaye ta tun kafin ranar."

Ta jefar da matsefin a kan gado.

"To ke me ake nema a wajenki ranar Asabar ɗin? Mu a coci dole in tsaya a gaban kowa in ce na yarda da bakina. Ku an hutar da ku! A ɗaura kina Jamus mana. Rana ba ta motsa ba, Baffanki bai ji kunya ba, kati ma ba sai an sake bugawa ba. Ki dawo ranar Litinin a yi shagali."

Gaskiya ta faɗa, aure yana ɗauruwa ko ina ina. An saba ma ango yana wata ƙasa a ɗaura masa. Amma amarya? Ni dai ban taɓa ji ba a danginmu. Kamu fa, da lalle, da wankan da gwaggonnina za su taso tun daga Maiduguri su yi min? Matan da za su cika gidanmu ranar su ce ina amarya, Inna ta ce musu me? Tana can tana haska fura? Ni kaɗai ce 'yarta mace. Tun ina aji uku na sakandare take tara kwanuka a ƙarƙashin gado.

"Ogechi, kin san in ban je ba ke za ki je."

"Na sani." Ta kau da kai wajen taga. "Kina tsammani ban yi mafarkin jirgin nan ba? Har rigar sanyi na taya a gwanjo, kafin a ce min lokacin zafi ake yi a can." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai zuci ba. "Amma lissafin naki ne. Ni in na tsaya a gaban na'urar, tsakanin harbi na farko da na biyu ma sai na kira ki a waya. Ɗauki wayarki ki rubuta wa Bahauddeen."

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. A ƙarshe Ogechi ta karɓe wayar ta karanta, ta ce ya yi, ta danna da kanta. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Muna zaune kai da kai muna kallon waya kamar masu duba sakamakon jarrabawa.

"Hmm," ya turo.

Bayan minti goma: "A shari'a babu laifi, na sani. Ni zan iya haɗiye maganar abokai. Hajiya ce. Bari in nemi lokacin da ranta yake da daɗi. Kar ki faɗa wa kowa tukuna."

"Gobe ƙarfe huɗu za a rufe," na rubuta.

"Na ji, Farfesa."

Juma'a ta zo. Tun safe maƙwabtanmu mata biyu suka shigo, suka baje atamfar anko a tsakar gida, ruwan goro da ɗigon fari, suna ta yanka suna naɗewa suna rubuta sunan mai kowanne a jikin leda. Inna tana cikinsu tana dariya, amma duk sanda na gifta sai ta bi ni da ido. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Na share ɗakina sau biyu. Na goge kayan da na riga na goge. Wayar tana cikin aljihun doguwar rigata, ina jin nauyinta kamar dutsen guga.

Aka tafi masallaci, aka dawo. Ƙarfe uku saura sai ga saƙonsa.

"Na faɗa mata bayan na dawo daga Juma'a."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta tambaye ni sau biyu, wai yarinyar ce ta faɗa da kanta? Na ce e. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa."

"Ta yi fushi?"

"Wallahi ban sani ba. Ban taɓa ganinta haka ba."

Uku da kwata, Ogechi: "Na buɗe takardar. Sunan wa zan sa?"

Na zauna a ƙasa na jingina da gado. Na rubuta, "Sa naki." Na kalle shi, shekara uku a cikin kalma biyu. Na goge. Na rubuta, "Sa nawa." Sai na hango fuskar Inna a cikin mata, da Baba yana kallon ƙasa, da wata dattijuwa a bayan rufaffiyar ƙofa wadda zan zauna a ƙarƙashinta iya rayuwata. Na goge.

Uku da rabi: "Zaituna?"

Huɗu saura kwata ta kira. Na ga sunanta yana haske a kan leda, na kasa ɗauka. Ta sake kira. Daga tsakar gida ina jin ƙarar almakashi, wata tana cewa ai 'yan Maiduguri sai an ƙara musu turmi biyar, ba sa zuwa biki su kaɗai. Ina ji aka kira la'asar a masallacin layinmu. Ban motsa ba. Na san in na yi shiru har huɗu, shirun ma amsa ce, kuma na bar shi ya amsa min. Ku zage ni in kuna so. Ni ma na zagi kaina.

Huɗu da minti biyu wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Hoto ne, na takardar da aka cika aka tura. A layin sunan ɗalibi an rubuta Zaituna Mala. A ƙasa Ogechi ta ƙara da cewa:

"Na sa naki. Ba a canzawa kuma. Ki yi fushi da ni in kin dawo."

Na riƙe wayar da hannu biyu. Ban san ko godiya zan yi ko ihu ba. Yanzu a Jamus an san zan zo, a Fagge kuwa babu wanda ya sani, ni kaina ba ni na faɗa ba.

Sai na lura almakashin ya yi shiru. Hirar tsakar gida ta ɗauke ɗif, na ji wata baƙuwar sallama, na ji ana jan tabarma da sauri. Labulen ɗakina ya ɗaga. Inna ce, zaren atamfa a maƙale a gaban rigarta, muryarta can ƙasa.

"Tashi ki wanke fuskarki ki sa mayafi."

"Inna, wa ya zo?"

"Hajiya Ni'ima, mahaifiyar Bahauddeen. Da ƙafarta, ita kaɗai, ba aike." Ta waiga wajen tsakar gida. "Na ce ta shigo falo ta ƙi. Ta ce ba wajena ta zo ba, ba wajen babanki ba. Wajenki ta zo."